Talatu Sittin da Huɗu

Sodangi ya kai rabin kan Salih ke nan sai wayar da ke aljihun Salih ta fara magana.

"Assalamu alaikum, Alhaji. Ruwa zai iso hawasharka, wato gonarka, gobe da hantsi. A buɗe masa hanya tun da safe."

"Kada ka motsa," in ji Sodangi. Askar tana bayan kunne.

"Muryar ɗanka ce fa."

"Na ji. Kunnuwana ba su mutu ba."

"Ko madalla ba za ka ce ba? Sharikar nan tasa, kamfanin nan, ita ce ta sa bara ban yi asarar gyaɗa ba."

"Sharika ko shirka, ni dai aski nake yi. Sunkuya."

Salih ya sunkuya yana dariya ƙasa-ƙasa.

Shekara hamsin da biyar Sodangi yana aski a gindin wannan bishiyar nim, wato dogon yaro, a Hillat Tukur, tafiyar sa'a guda daga Makwar. Ubansa wanzami ne, kakansa ma haka. Babu jaririn da aka haifa a garin da askarsa ba ta taɓa kansa ran suna ba. Ɗansa na fari, Jibirin, shi ya kamata ya gaji zabira. Bai gada ba. Ya tafi Wad Medani ya yi karatun noma, ya buɗe ɗan kamfani mai aika wa manoma saƙon murya ta waya: ranar da ruwa zai iso gona, kuɗin riɗi a kasuwar Managil, irin tsutsar da ta shigo wa auduga. Mutum dubu uku ne a littafinsa. Sodangi ba ya ciki. Sau biyu ma'aikatan kamfanin suka zo masa da takarda, sau biyu ya nuna musu hanya da tsinin aska.

Kuma bai taɓa kiran sunan ɗan ba. Ɗan fari ne, ba a yi. In ta kama dole, ya ce "wancan", ko "na Medani".

Yana wasa askar a jikin fata sai ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya ta biyo gefen tur'a, babbar hanyar ruwan da ta ratsa gonakin garin. Ta tsaya. Jibirin ya fito, furfura ta fara masa a gefen kai. Wata mace ta biyo shi, sanye da farin tob, dogon mayafin da matan ƙasar ke naɗawa, riƙe da na'ura mai faɗi kamar allo.

Jibirin ya cire takalmi ya durƙusa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya. Ba Juma'a ba, ba Salla ba. Wa ya mutu?"

"Ba kowa. Wannan Ustaza Ilham ce, lauya. Masu son zuba jari a kamfaninmu ne suka aiko ta."

"Salamu alaikum, ya ammi," in ji matar da Larabci, tana kiransa baffa.

Sodangi yana jin Larabci kamar kowa a garin. Ya amsa da Hausa. Ya nuna mata benci, ya ci gaba da aikinsa.

Jibirin bai tashi daga durƙuson ba.

"Akwai wata doka da ake shirin yi, Baba. Ba ta fito ba tukuna, daftari ne, ana ta muhawara a kai. In ta fito, babu kamfanin da zai ajiye sunan mutum, ko lambar wayarsa, ko inda gonarsa take, sai da yardarsa. Sai ka gaya masa abin da za ka yi da su. In ya ce a cire shi, a cire. Wanda ya saɓa, a ci shi tara, ko a rufe shi."

"Sai yanzu hukuma ta gano haka?"

"Mutanen nan za su kawo mana famfunan ruwa masu aiki da hasken rana, su kai mu har Dinder. Amma sun ce ba za su sa dukiyarsu a gidan da doka za ta iya rushewa baɗi ba. Suka ce a duba littafinmu. An duba."

Ilham ta ɗora na'urar a cinyarta.

"A garin nan kaɗai akwai mata sittin da huɗu masu suna Talatu. Arba'in da ɗaya a cikinsu sunan mijinsu ɗaya, wai Maigida. Maza talatin da takwas sunansu Alhaji, ba uba, ba kaka. Ya ammi, aikina in faɗi abin da na gani. Abin da na gani ya yi kama da sunayen da aka zauna a ofis aka ƙirƙira don littafi ya yi kauri."

"Ni ne Alhaji na nawa?" in ji Salih daga ƙarƙashin aska.

Ba wanda ya yi dariya sai shi.

"Gobe za su zauna," in ji Jibirin. "Yau da yamma za ta ba su rahoto. In ta ce ƙarya ce, sun tafi. Wanda ya ji dalilin tafiyarsu kuma ba zai zo ba. Mu goma sha biyu ne muke ci daga wurin nan, Baba." Ya ƙara matsowa. "Kai ka san sunan yankan kowa a garin nan. Kana wurin aka raɗa su. Ka zauna da ita sa'a biyu, ka gaya mata wace Talatu ce wace. Shi ke nan."

Sodangi ya goge askar a tafin hannunsa.

"A'a."

"Baba."

"Rago aka yanka a kan kowane suna. Ba ni na saye shi ba. An kira ni ne in yi aski, na ji abin da na ji. Na shiga ɗakunan da ko ɗan'uwan miji ba ya shiga. Na san wanda aka yi wa ƙaho da dalilin yinsa. Ka taɓa jin ɗaya a bakina?"

"Ban taɓa ba."

"To yau ma."

Ilham ta dube shi. Ta ce, "Abin da daftarin yake faɗa ke nan, a shafi goma sha takwas."

"Ni ban iya karatu ba, ɗiyata. Karanta mini abin da suka rubuta a kan wanga." Ya nuna Salih da haɓa.

"Shi ma wannan sai mai sunan ya yarda."

"Na yarda," in ji Salih. "Karanta mu ji ko sun ce ina da kyau."

Ta tambayi lambar wayarsa, ta nemo shi, ta karanta. Suna, Alhaji. Hawasha, fadan biyar, wato kamar eka biyar, gyaɗa da dawa. Yawan iyali, tara. Asali, Najeriya.

Murmushin Salih ya ɗauke. Shekararsa saba'in, bai taɓa wuce Kosti ta yamma ba. Kakansa ne ya taso aikin hajji a ƙasa, ya tsaya a Makwar ya yi haƙar tur'a don ya samu guzuri, ya mutu bai ƙarasa ba. Don tunawa da shi ake ce wa jikan Alhaji.

"Wa ya tambaye shi wannan?" in ji Sodangi.

"Don mu san harshen da za mu aika saƙo ne," in ji Jibirin, idonsa a ƙasa. "Ma'aikacinmu in ya ji ana Hausa sai ya rubuta haka."

"Sai ya rubuta Hausa. Harshe daban, ƙasa daban."

"Kuskure ne, Baba."

"Kwana goma sha ɗaya na yi ina zuwa ofis ina komowa, da shaidu huɗu, ana tambayata inda aka haifi kakana. Don ka samu takardar ɗan ƙasa ka shiga makaranta. Ka shiga, ka fito. Da hannunka ka rubuta mu baƙi, mutum dubu uku. Yanzu za ka miƙa wa waɗanda ba mu san fuskarsu ba."



Sodangi bai bar aiki a rabi ba, bai taɓa bari ba. Ya ƙarasa kan Salih a tsanake, ya gyara masa gemu, ya wanke askar, ya naɗe zabira. Ya wuce ta gabansu ya tafi gida.

Barakatu, matarsa, tana zaune a inuwar rumfa tana toya kisra, siririyar waina mai faɗi ta ƙullun dawa. Labarin ya riga shi isa.

"Na ji an ce ka bar baƙi a gindin nim."

"Ba baƙina ba ne. Wai wata doka ce ta kawo su."

"Wace doka? Ga tawa nan a kan wuta, ban ga ta kawo kowa ba."

A nan faifan ƙarfen da ake toya kisra a kai shi ma doka ake ce masa. Sodangi bai yi dariya ba. Ya zauna a kan gadon igiya ya ajiye zabira a gefe. Ta zuba ƙullu, ta shimfiɗa shi da ɗan ganyen dabino, ta ɗago kisrar da yatsa biyu.

"Sun ce Talatu sittin da huɗu ko?"

"Haka suka ce."

"Ni ce ta farko."

Ya ɗago kai.

"Ba ran Talata aka haife ni ba? A gidanmu da mi ake kirana? Ina da 'yar gonar kuɓewa da albasa, Malam, ita ma ruwa take sha. Yaron da ya zo rubutawa Balarabe ne, baƙo. Ya ce suna, na ce Talatu. Ya ce miji, na ce Maigida. In kama sunanka a gaban wani ƙato? Matan da ke bayana suka ga ya rubuta bai yi gardama ba, sai kowa ta ce Talatu. Har da waɗanda aka haifa ran Asabar."

"Shekara nawa kina ciki?"

"Uku."

"Ba ki gaya mini ba."

"Ba ka tambaya ba. Kullum da safe ina jin muryarsa a waya. Kai sai Salla."

Ta shafa mai a kan dokar.

"Ya rubuta mu baƙi," in ji shi.

"Ya yi kuskure. Ka koya masa riƙon aska ya ƙi, sai ka yi fushi ka naɗe zabirarka. Riƙon baki fa? Ka taɓa zaunar da shi ka koya masa? Sunayen mutane ne a hannunsa, kamar yadda suke a naka. Bai san nauyinsu ba ne."

Ta miƙo masa kisra da miyar kuɓewa. Ya ci loma uku, ya wanke hannu. Aka kira azahar.

Bayan an sallame ya tarar da su inda ya bar su. Ilham ta rufe na'urarta. Jibirin yana tsaye jikin mota, rigarsa ta jiƙe da gumi. Sodangi ya zauna a kujerarsa ta aski. Wannan karon da Larabci ya yi magana, kai tsaye da matar.

"Ba zan faɗi sunan kowa ba. Amma zan sa masu sunan su zo. Ina da sharuɗɗa."

"Ina ji, ya ammi."

"Wancan layin na asali a share shi, na kowa, a gaban idona. Yawan iyalin mutum ma ba ruwan tur'a da shi. Kowa ya faɗi sunansa da bakinsa, kuma raɗa shi zai yi, yadda aka raɗa masa. Ni zan zauna kusa. In gaskiya ne in gyaɗa kai, in ba haka ba in girgiza. Ba a tambayar mace sunan mijinta, lambar hawasha ta isa. Sunan da ake kiran mutum da shi, a kira shi da shi a waya. Na yanka a kulle shi. Wanda ya ce a cire shi, a cire."

Ilham ta ce sai ta kira Muhannad, shugaban masu jarin. Ta buɗe muryar wayar don kowa ya ji. Ta yi masa bayani a taƙaice.

"Ustaza," in ji muryar daga nesa, "asali da yawan iyali su ne masu sayar da iri da taki suke nema. In an share su, me ya rage a littafin?"

"Abin da doka ba za ta ƙwace ba."

"Dokar ba ta fito ba. Wataƙila ma ba za ta fito a haka ba."

"Wataƙila. In ta fito kuma, ku ne za ku biya tarar tare da shi."

"In rabinsu suka ce a cire su fa?"

"Sai mu san ainihin abin da muke saye."

Muryar ta ce a dakata, a bar layin yadda yake har a yi zaman gobe. Jibirin ya matso. Ya karɓi na'urar daga hannun Ilham, ya danna, ya sake dannawa.

"Ustaz Muhannad, Jibirin ne. Na riga na share. Na mutum dubu uku duka, da kwafin da ke ofis. Ko kun zo ko ba ku zo ba, ba zai dawo ba."



"Ki ƙirga mini mutanen da yamma," in ji Muhannad. Ya kashe.

Jibirin ya juyo da na'urar ya nuna wa ubansa. Sodangi bai iya karatu ba, amma ya ga inda rubutu yake ɗazu ya zama fari fat. Ya duba da kyau, sannan ya dubi ɗan nasa.

"Tafi ka ce wa ladan ya yi shela," in ji Sodangi. "Duk matar da ta san ta taɓa zama Talatu, ta zo gidana. Alhazai su jira a gindin nim."

Kafin rabin sa'a tsakar gidan Barakatu ta cika. Tsofaffi da sanduna, masu goyo, 'yan mata da suka baro wanki. Suna ta tsokanar juna.

"Talatu, matsa mini."

"Wace daga ciki?"

"Ta Asabar."

"Ke da kika ce Maigida, wane maigidan? Naki ya rasu shekara shida."

"Yaron bai tambaye ni ko yana da rai ba."

Aka shimfiɗa tabarma a bayan zana. Ilham ta zauna, Sodangi a damanta da zabirarsa a cinya, Barakatu a hagunta don shaidar matan da aka auro daga wasu garuruwa. Jibirin ya tsaya a wajen zanan, inda muryarsa za ta kai amma kunnensa ba zai ji raɗa ba. Ya yi bayani da Hausa, ya maimaita da Larabci saboda yara matan da Hausarsu ta yi rauni: abin da kamfanin zai ajiye, abin da zai yi da shi, da abin da ba zai yi ba. Ya ce ba za a ba wani ko a sayar wa wani ba sai an dawo an tambaya.

Suka fara shiga ɗaya bayan ɗaya. Mace ta durƙusa, ta kai bakinta kusa da kunnen Ilham, ta faɗi suna. Sodangi ya gyaɗa kai. Ta ce ta yarda, ta dangwala yatsa. Wasu sunayen ya yi shekara arba'in bai ji an kira su ba. Ya tuna safiyar kowanne, da gidan, da launin ragon. Fuskarsa ba ta nuna ba.

Wata matashiya mai suna Rayan ta raɗa sunanta, ya gyaɗa kai, sannan ta ɗaga murya.

"Ni a cire ni."

"Me ya sa, ƙanwata?" in ji Jibirin daga bayan zana. "In wani abu ne muka yi..."

"Ba a tambaya," in ji Sodangi.

"Daftarin ma haka ya ce," in ji Ilham.

Ta share, ta nuna wa Rayan farin gurbin. Rayan ta duba, ta gyara mayafinta, ta fita kanta a sama. Wasu huɗu suka bi sahunta. Duk wadda aka share, Sodangi yana jin takun ɗansa yana kai da komo a wajen zanan. Amma bai ƙara tambayar kowa dalili ba.

Can wajen la'asar Ilham ta ajiye na'urar ta miƙe yatsunta.

"Hala Barakatu," in ji ta, wato inna da Larabci, "Talatu sunan rana ne?"

"Wadda aka haifa ran Talata. Ta Laraba kuma Laraba."

Ilham ta juyo wajenta.

"Kakata ta wajen uwa, a Medani, Laraba ake ce mata. Mun ɗauka wani tsohon sunan Larabawa ne. Ba a cika maganar inda ta fito ba a gidanmu."

"To ke tamu ce," in ji Barakatu. "Ci kisra."

Daga nan suka koma gindin nim. Alhazai suna zaune a jere, Salih a gaba da sabon askinsa yana ƙyalli. Ya ce shi ba zai yarda ba sai an nuna masa inda aka goge Najeriya. Aka nuna masa. Ya ce a rubuta Makwar. Aka ce ba a rubuta komai a wurin yanzu. Ya yi tunani, ya ce hakan ma ya fi, ya dangwala.

Wani mai suna Lukman ya raɗa suna, Sodangi ya gyaɗa kai. Ya koma ƙarshen layi ya sake zuwa, ya raɗa wani. Sodangi ya girgiza.

"Na yayana ne, Baba Sodangi. Ya tafi Dinder yankan riɗi."

"In ya dawo ya zo da bakinsa."

Rana ta yi sanyi lokacin da layin ya ƙare. Ilham ta ƙirga. Cikin Talatu sittin da huɗu, hamsin da tara sun yarda, biyar sun ce a cire su. Na ainihin ranar Talata goma sha ɗaya ne kacal. Cikin Alhazai, talatin da huɗu sun yarda, biyu sun fita, biyu sun yi tafiya. Babu suna ko ɗaya da ba shi da mai shi.

Ta koma gefe ta yi waya. Ta daɗe. Jibirin ya zauna a ƙasa kusa da kujerar ubansa, inda yake zama yana yaro. Ruwa yana wucewa a tur'a, ana jin sa.

Ta dawo.

"Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a yi irin wannan a sauran garuruwan, ya ba da wata guda. In biyu cikin uku suka yarda, za su sa hannu. Ya ce ya fi son littafi siriri wanda zai iya nuna wa alƙali."

"Gari ashirin da biyu a wata guda," in ji Jibirin. "Wa zai gyaɗa mana kai a can?"

"Kowane gari da wanzaminsa," in ji Sodangi. "Rabinsu ni na koya musu. Sauran sun san ubana. Ka zo da mota ran Asabar."



"Daftarin ya ce kowane kamfani ya naɗa mai tsaron bayanan mutane," in ji Ilham. "Zan rubuta cewa na ga wanda ya dace."

"Ba na cin albashin yaro."

"To zan rubuta cewa ya ƙi."

Ta fara haɗa kayanta. Sodangi ya yi gyaran murya.

"Ɗiyata. Ina da hawasha, fadan uku. Ita ma ruwa take sha."

Ilham ta dube shi, ta dubi Jibirin, ta sake buɗe na'urar. Salih, wanda bai tafi ba, ya matso da bencinsa.

"Koma can," in ji Sodangi. "Kai ma." Wannan da ɗansa yake.

Suka ja da baya. Ya sunkuyo da kansa wajen kunnen Ilham ya raɗa. Ta ɗago da mamaki.

"Dogon suna ne, ya ammi."

"Ragon ma babba ne. Rubuta, ki kulle."

"Mi ya ce?" in ji Salih daga nesa. "Shekara sittin ina son in ji."

"Za ka ƙara sittin."

Ta tambaye shi lambar hawasha, ya faɗa. Abin da ya shuka, ya ce dawa. Waya, ya ce ta Barakatu, tunda ga dukkan alamu ta saba. Harshen da yake son a yi masa magana da shi, ya ce Hausa. Ta karanta masa abin da za a yi da bayanansa, ya saurara har ƙarshe bai katse ta ba. Ya ce ya yarda. Ya dangwala babban yatsansa.

"Saura tambaya ɗaya," in ji ta. "In ba ka da lafiya, ko ba ka nan, wa ka yarda ya buɗe naka?"

Sodangi ya nuna da haɓa.

"Wancan."

"Sai ka faɗi sunansa, don in rubuta."

Jibirin yana tsaye jikin bishiya, hannuwansa a baya. Ya ji tambayar. Bai ɗago ba.

"Dokar nan taku," in ji Sodangi, "ta ce in mutum bai so ya faɗi abu ba, ba a tilasta shi?"

"Haka daftarin ya ce."

"To a gaggauta ta, doka ce ta kirki. Ki rubuta ɗana na fari. Ɗaya ne, ba sittin da huɗu ba."

Ya ɗauki zabirarsa ya rataya. Da ya zo wucewa ta gaban Jibirin ya tsaya, ya kama haɓarsa ya juya kansa dama da hagu, kamar yadda yake yi wa duk wanda ya zauna a kujerarsa.

"Wa ke maka wanga aski a Medani?"

"Wani ne a kasuwa, Baba."

"Bai iya ba. Ran Asabar ka zo da wuri."